Awon Takardar Likita: Hanyar Gane Amfani da Magani Bisa Ƙa'ida



Manomin Gozaki, ko na wani ƙauye a ƙasar Kafur, idan ciwo ya kama ɗansa da damina, sai ya ɗebi masara ko dawa daga abin da ya rage a rumbu ya sayar, sa'an nan ya nufi asibitin Malumfashi ko na Funtua. Abin da yake fitowa da shi daga ɗakin likita 'yar takarda ce, amma a kanta lafiyar yaron da kuɗin hatsin suka rataya. Saboda haka ya wajaba a san yadda ake auna wannan takarda.

A shekarar 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magunguna kimanin 200 waɗanda ta ce su ne muhimmai ga yawancin jama'a. A 1985 kuma, a wani taro da aka yi a Nairobi, aka bayyana ma'anar amfani da magani bisa ƙa'ida, watau a ba majinyaci maganin da ya dace da cutarsa, gwargwadon buƙatar jikinsa, na tsawon kwanakin da suka kamata, kuma a kan mafi sauƙin kuɗi. Nijeriya ta kafa dokar nata jerin a 1989. Duk da haka, hukumar ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ana rubuta su, ko bayar da su, ko sayar da su ba yadda ya dace ba.

To, yaya asibiti zai gane inda ya tsaya? A 1993 hukumar ta shimfiɗa ma'aunai 5 masu sauƙi. Ana ɗebo tsofaffin takardun majinyata, aƙalla 100 a asibiti guda, a warwatsa zaɓin cikin watannin shekara domin kada damina ta rinjayi rani. Sai a ƙidaya: magani nawa ake rubuta wa mutum ɗaya, nawa aka rubuta da sunansu na asali maimakon sunan kamfani, majinyata nawa aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, nawa aka yi wa allura, nawa ne cikin magungunan suke a jerin muhimmai. Abin da ake so shi ne matsakaicin ya tsaya ƙasa da magani 2 a kowace takarda, masu samun maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa kada su kai 30 cikin 100.

Kowane ma'auni yana da dalilinsa. Takarda mai magani 5 ko 6 sau da yawa alama ce ta rashin tabbatar da cutar, sai mai ita ya sayi waɗanda kuɗinsa suka isa, ya bar wanda shi ne tushen waraka. Sunan kamfani yana ƙara tsada ba tare da ƙarin amfani ba. Allura kuwa, wadda mutane da yawa suke ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, tana iya jawo ƙurji ko ciwon hanta idan tsabta ta yi ƙaranci. Mafi haɗari duka shi ne ba da kafso ga mura ko zawayin yara, wanda ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki suke wadatar da yawancinsa, domin ta haka ƙwayoyin cuta suke sabawa da magani har ya daina yi musu aiki.

Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali. Kulorokwin ya daɗe yana ceton rayuka, amma ƙarfinsa ya ragu har Nijeriya ta sauya shi da haɗin atamisinin a tsakiyar shekarun 2000. A 2010 aka ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin, tun da ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Har wa yau, ƙidaya ba baƙon abu ba ce a wannan yanki. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken tsargiya da zazzaɓi da saran maciji. Awon takardun magani bai kai wannan wahala ba. Littafin rajista da alƙalami sun isa.

Ɗalibin likitanci ko na haɗa magunguna yana iya kammala wannan aiki cikin hutu guda. Ma'aikacin hukuma kuma, wanda sayen magani da rabonsa suke hannunsa, ya kamata ya nemi alƙaluman kafin ya sa hannu a kan kasafi. A zauna da likitoci da malaman asibiti a duba sakamakon ba tare da tozarta kowa ba, a gyara abu guda, a sake awo bayan shekara. Asibitin da ya riƙe wannan al'ada shi ne zai iya cewa ya san abin da yake ba jama'arsa.

Allah ya ba da lafiya, ya sa a dace.