Ƙaramar Ƙasa, Babbar Kasuwar Makamai



Maƙerin da ke zuga wuta a kasuwar ƙauye ya san dalilin da sana'arsa ba ta mutu ba: manomi na dawowa kowace damina neman hauya. Ƙera bindiga ma sai da mai saye na dindindin, kuma yawanci gwamnatin gida ce.

A dubi Beljiyam, wadda mutanenta ba su kai rabin na ƙasarmu Nijar ba. A 1889 maƙeran yankin Liège suka haɗa kai suka kafa kamfanin FN Herstal, domin gwamnati ta ba da kwangilar bindigogi 150,000. Daga nan kasuwa ta buɗe, har bindigarsu FAL ta shiga hannun sojojin ƙasashe wajen 90. Da kamfanin ya shiga matsi, gwamnatin yankin Waloniya ta saye shi a 1997, ba ta bar shi ya durƙushe ba.

Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa ta kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a Kaduna tun 1964, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus. Bayan yaƙin basasa aka yi watsi da shi, har ya koma haɗa kujeru da tebura, abin takaici! Sai a 2023 aka sabunta dokarsa.

Nijar kuwa saye take yi: ta karɓi jiragen Bayraktar marasa matuƙi daga Turkiyya a 2022. Sayen ya zama dole, amma hukumomi su sa horar da injiniyoyinmu da gyaran kayan a gida cikin kowace kwangila.