Rayuwar Masu Ba Jiragen Sama Hanya da Abubuwan da Ke Shafar Ta



Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya ji muryar matuƙi, ya kuma ga masu raba abinci. To, amma akwai wani ma'aikaci da fasinja ba ya gani, wanda kuwa ba a tashi, ba a sauka, ba a sake hanya sai da izininsa. Shi ne jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama, wanda don taƙaitawa zan riƙa kiransa mai ba da hanya. Wani yana zaune a hasumiyar filin jirgi yana duban titin tashi da sauka, wani kuwa yana cikin ɗaki gaban na'urar hangen jirage, watau rada. A nan ƙasarmu kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ke horar da su, sararin samaniyar Nijeriya kuma da sunan Kano aka san shi a taswirar matuƙa ta duniya.

Abin da nake so in nuna yau shi ne, jin daɗin rayuwar wannan ma'aikaci ko ƙuncinta ya danganta ne ga yadda hukuma ta tsara masa aiki, fiye da yadda ya danganta ga wuyar aikin kansa. Kuma duk inda rayuwarsa ta ƙuntata, rayukan fasinjoji ne ke shiga haɗari.

Bari mu fara da wuyar aikin. A bisa ƙa'ida, jirage biyu da ke cikin tafiya a kan raba su da ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, ko kuwa da tazarar kimanin kilomita 9 in suna tsayi ɗaya kuma rada na ganinsu. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowanne yana gudun kilomita 850 a sa'a, wannan tazara cikin daƙiƙa 20 za ta ƙare. Mai ba da hanya yana riƙe da jirage da dama a ransa lokaci guda, kowanne da tsayinsa da saurinsa da inda ya nufa, yana magana da matuƙa na ƙasashe dabam-dabam cikin Turancin da ba kowa ya iya shi sosai ba. Tun a 1973 masu bincike biyu a Amurka, Cobb da Rose, suka nuna cewa hawan jini da gyambon ciki sun fi yawa a tsakanin masu wannan aiki in an gwada su da wasu ma'aikatan jirgi. Saboda nauyin aikin ne ma a Amurka ba a ɗaukar sabon ma'aikaci da ya kai shekara 31, kuma dole ya ajiye aiki a shekara 56. Wannan wuya ba a raba ta da aikin, sai dai a zaɓi masu iya jure ta, a horar da su. Sauran abubuwa huɗu da zan ambata kuwa duk a hannun hukuma suke.

Abu na farko shi ne barci da tsarin karɓa-karɓa. Filin jirgi ba ya barci, saboda haka dole wasu su yi aikin safe, wasu na yamma, wasu na dare. Jikin ɗan Adam kuwa an halicce shi ne ya farka da rana, ya kwanta da dare, hankalinsa kuma ya fi rauni gab da asuba. A Amurka an daɗe ana bin wani tsari da kan sa mutum ya yi yamma biyu, safe biyu, sa'an nan a ranar da ya tashi daga aikin safe na ƙarshe ya komo aikin dare. Ma'aikata da yawa suna son tsarin don yakan ba su dogon hutun mako, amma barci ne ake biya da shi. A watan Agusta na 2006, a garin Lexington, jirgi ya hau gajeren titin da ba nasa ba, ya faɗi, mutum 49 suka rasu. Masu bincike sun ɗora ainihin kuskuren a kan matuƙan, amma sun gano mai ba da hanya shi kaɗai ne a hasumiya, kuma barcin sa'a biyu kacal ya samu kafin ya zo aiki. A watan Maris na 2011 jirage biyu suka sauka a birnin Washington ba wanda ya amsa musu, don barci ya sace mai hasumiya a darensa na huɗu a jere. Barci ɓarawo ne, in ji Hausawa, ba ya kuma tsoron takardar gargaɗi. Bayan haka aka mai da hutun da ke tsakanin aiki da aiki sa'a 9 maimakon 8, a 2024 kuma aka sanar da ƙara shi zuwa 10.

Abu na biyu shi ne yawan ma'aikata da lafiyar kayan aiki. Horar da mai ba da hanya kan ci shekaru, saboda haka in aka yi sakaci da ɗaukar sababbi, ba a cike gurbin cikin wata guda. Waɗanda ke nan su za su riƙa ƙarin lokaci, a hana su hutu, mutum ɗaya ya riƙe kujera biyu. Daren 1 ga Yuli, 2002, jirgin fasinja na Rasha da wani jirgin kaya suka yi karo a sararin garin Überlingen na kudancin Jamus, mutum 71 suka halaka, akasarinsu yara 'yan makaranta. Ofishin Zurich na ƙasar Suwizalan ke kula da wannan yanki. A daren, ma'aikaci ɗaya ne ke duban na'ura biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa kamar yadda aka saba, masu gyara kuma sun taɓa rada da wayar tarho, har maƙwabtansa na Jamus da suka hango haɗarin suka yi ta kira ba su same shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na uku shi ne albashi da zaman iyali. Mai aikin karɓa-karɓa yakan rasa suna da biki da jana'iza, yakan yi Salla a bakin aiki, yana barci 'ya'yansa na farke, yana farke suna barci. Daɗin daɗawa, aikinsa na rataye ne da takardar likita: in ido ko kunne ko zuciya suka gaza, an ɗauke shi daga kujera ke nan, wannan kuwa kan sa wasu su ɓoye ciwo. Idan kuma aka haɗa masa da tunanin kuɗin haya da na makaranta, to da wannan tunani zai zauna gaban rada. Ran 3 ga Agusta, 1981, masu ba da hanya wajen 13,000 suka shiga yajin aiki a Amurka, suna neman ƙarin albashi da mai da aikin mako sa'a 32. Bayan kwana biyu Shugaba Reagan ya kori fiye da 11,000, don doka ta hana ma'aikatan tarayya yajin aiki. Hukuma ta yi nasara, amma sai da ta shafe shekaru tana cike gurbinsu. Haka kuma daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019, gardamar kasafin kuɗi ta sa suka yi kwana 35 suna aiki ba albashi, har jirage suka fara jinkiri a New York.

Abu na huɗu, wanda a ganina ya fi duka nauyi a zuciya, shi ne yadda ake ɗora laifi. Ran 10 ga Satumba, 1976, jirage biyu suka yi karo kusa da Zagreb, a tsohuwar Yugosilabiya, mutum 176 suka mutu. Saurayin da ke kan kujera yana kwanansa na uku a jere yana aikin sa'a 12, mataimakinsa kuma ba ya wurin lokacin da aiki ya yi masa yawa. An gurfanar da ma'aikata da dama, shi kaɗai aka yanke wa ɗaurin shekara 7, sai a 1978 aka sake shi. Shi kuwa na Zurich, a 2004 wani mutum da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a haɗarin ya bi shi har gida ya kashe shi, sai a 2007 kotu ta sami huɗu daga cikin manyan ofishin da laifin sakaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda duk kuskure ke jawo horo, ma'aikaci zai ɓoye ƙaramin kuskurensa, hukuma kuwa ba za ta san inda ɓaraka take ba sai ranar da jirgi ya faɗi. Shi ya sa ƙasashe da dama yanzu suke bambanta kuskuren mai ƙoƙari da gangancin mai sakaci, suna ƙarfafa kai rahoto ba tare da tsoro ba.

Malam Shugaba, duniya ta ɗauki darasi gwargwadon hali. A Ingila ba a barin mai ba da hanya ya wuce sa'a biyu a kujera ba tare da ya tashi ya huta ba. Tun daga Nuwamba 2020 kuma, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda Nijeriya da Nijar duk suna cikinta, ta wajabta wa ƙasashe su kafa ƙa'idar iyakar lokacin aiki da na hutu ga waɗannan ma'aikata. Amma ƙa'ida ba ta aiwatar da kanta.

A nan ne maganar ta komo kanmu. Ku ma'aikatan gwamnati, da ku ɗalibai da za ku gaje su gobe, cikinku wani zai tsara jadawalin aiki, wani zai sa hannu a takardar ɗaukar ma'aikata, wani fayil ɗin gyaran rada ko na biyan alawus zai kwana a teburinsa. Ina roƙo, kafin ku ce a dawo mako mai zuwa, ku tambaya: mutum nawa ne ke hasumiya daren yau, sa'a nawa kuma suka yi barci? Wataƙila jirgin da zai sauka da asuba, mahaifiyarku ce a ciki tana komowa daga aikin Hajji.