Tsaba da Ƙaiƙayi: Ka Tambayi Git Dalilin Barin Fayil Ɗinka

Malamaina, da ƙannena ɗalibai masu koyon rubuta manhaja a nan Kontagora, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma irin tamu ya san ba a ɗura dawa a buhu sai an sheƙe ta. Git, manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin aikin Linux, shi ma yana sheƙa. Sai dai ba shi ke zaɓen ƙaiƙayi ba. Kai ne kake rubuta masa sunayen abin da zai bari a cikin fayil ɗin .gitignore.

Wani ɗalibina ya taɓa zuwa ofis gumi na keto masa, gobe ne ranar gabatar da aikinsa. A kwamfutarsa komai lafiya lau, a ta malamin da ke duba shi kuwa manhajar ta ƙi tashi, domin fayil guda bai bi sauran ba. Ya kwana yana zargin intanet. Na ce ya zauna ya rubuta git check-ignore -v, ya bi shi da sunan fayil ɗin. Nan take amsa ta fito a layi ɗaya: ga inda dokar take, ga lambar layinta, ga ita kanta dokar. Ashe .gitignore ɗin wani ya kwafo bai karanta ba, a ciki akwai layin da ya hana ɗaukar duk jakar da ake kira data.

Wannan umarni ya shigo Git tun 2013, amma har yau da yawanmu lalube muke yi a duhu. Dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya isa shi ne dokokin ba wuri ɗaya suke kwana ba. Akwai .gitignore, wanda kowace jaka za ta iya samun nata. Akwai .git/info/exclude, wanda ba ya barin kwamfutarka. Akwai kuma na gama-gari da ke bin duk ayyukanka, wanda mutum kan rubuta ya manta. A cikin fayil guda, dokar ƙarshe da ta dace ita ke rinjaye. Alamar motsin rai a farkon layi tana dawo da abin da aka hana, amma in an riga an hana jakar baki ɗaya, ba za ta fito da ɗan da ke ciki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka. Fayil ɗin da Git ya riga ya ɗauka, sa sunansa a .gitignore daga baya ba ya cire shi, kuma check-ignore zai yi shiru a kansa sai ka ƙara --no-index. Za ka iya sauke shi da git rm --cached, amma in kalmar sirri ce a ciki, tana nan daram a tarihi. Ihu bayan hari ne, dole ka sauya ta. A 2016 ɓarayin intanet sun tsinci mabuɗan kamfanin Uber a ma'ajiyar GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57.

Don haka ina roƙonku, yau da daddare kowa ya buɗe aikinsa ya rubuta git status --ignored, ya duba abin da aka bari a waje, ya tambayi dalilin kowanne kafin ya tura. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani.