Tseren Keke a Matsayin Share Fage ga Gasar Wasanni Uku

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mutumin Wurogauri, ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai)



An roƙe ni in yi magana a kan tseren keke, da kuma amfaninsa ga mai shirin shiga gasar nan da Turawa ke kira tirayatalon, wadda ni zan kira gasar wasanni uku. Gasa ce da mutum ɗaya zai yi ninƙaya, ya fito ya hau keke, ya sauka ya zura da gudu, duk a jere ba hutawa. An fara ta a sigarta ta yanzu a birnin San Diyego na Amurka a 1974, aka shigar da ita wasannin Olamfik a Sidni a 2000. A ma'aunin Olamfik ana yin ninƙayar kilomita 1.5, tseren keke na kilomita 40, sannan gudun kilomita 10.

Kada wani ya ɗauka abin baƙo ne ƙwarai a gare mu. Mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo mun san keke tun kafin ƙafarmu ta kai feda daga kan sirdi. A kansa ake zuwa gona da kasuwa da makaranta, a kansa ake ɗauko buhun gero. Ninƙaya kuwa, ai Kabawa ba a koya musu ita. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ya ƙunshi wasannin kabanci, inda ake gasar ninƙaya da nutso da tseren kwalekwale. Ashe ke nan kayan haɗin duk muna da su. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda ake raba ƙarfi kashi uku, kuma a kan wannan ne maganata za ta tsaya.

Bari in ba ku labarin kaina. Wata shekara, da sanyin hunturu, na shiga wani tseren keke na 'yan sha'awa, wanda ba a yi don kuɗi ba. Niyyata ita ce in gwada kaina a tafiyar kilomita 40, in na gama in ɗora da ɗan gudu. Ana busa usur sai na manta da niyyar. Na wuce gaba, na riƙe gaban nan ina jin daɗin tafin 'yan kallo, ban lura da cewa mutane kusan 10 sun jeru a bayana sun yi shiru ba. Da muka wuce rabin hanya sai gwiwoyina suka fara sanyi, su kuwa suka fice ni ɗaya bayan ɗaya kamar ina tsaye. Na isa dai da ƙyar. Da na jingine keken na ce bari in taɓa gudun, sai na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Ko kilomita 1 ban cika ba na nemi gindin bishiya.

Daga baya na fahimci inda na yi kuskure. Idan keke ya ɗauki sauri a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya fake dab da tayar na gabansa yakan sami sauƙin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100. Ni na yi ta tsaga musu iskar hunturu, su suna ajiyar ƙarfinsu. Wannan shi ne darasin farko da tsere ke koyarwa, kuma ba a samunsa a hawan keke na kaɗaici.

Amma akwai abin lura. A yawancin gasannin wasanni uku na 'yan sha'awa, musamman masu dogon zango, an haramta wannan fakewa, kowa shi da iskarsa. Saboda haka wanda ya shiga tseren keke don share fage, kada ya mai da cin tseren burinsa. Abin da zai nema a ciki shi ne ya saba da tafiya cikin cunkoson kekuna ba fargaba, ya koyi shan kwana da kama birki a kan kari, ya iya shan ruwa ba tare da ya tsaya ba, ya kuma gane iyakar saurin da zai riƙe har ya sauka da sauran ƙarfi a ƙafarsa. Wanda ya zo na ɗaya a keke ya kasa gudu bai ci komai ba.

Ga kaɗan daga shawarwarina. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a duba kaca da birki da taya tun ana gobe, a tafi da famfo da kayan faci. A sa hular kwano, domin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo da Jega ta manyan motoci ce. A yi atisaye da sassafe, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke tsananta. Duk mako, a ɗora gudun minti 10 ko 15 a kan hawan keke nan take, har ƙafa ta saba da sauyin. Game da ninƙaya kuma, a yi hattara da ruwan tafki da na fadama saboda cutar tsargiya, kuma kada kowa ya shiga kogi shi kaɗai.

Na san wani zai ce keken tsere tsada gare shi. Gaskiya ne. Ese Ukpeseraye, wadda ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik a Faris a 2024, sai da 'yan ƙasar Jamus suka ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Wannan abin kunya ne ga ƙasa, kuma ku da za ku riƙe ofisoshi gobe ya kamata ku tuna da shi. Duk da haka ba hujja ba ce ta zama. Tsohon Raleigh na gidanku ya isa a fara da shi.

Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne ta shirya ɗan tsere na ɗalibai, ko na kilomita 20 ne, a biyo shi da gudun kilomita 3, a nemi taimakon jami'an kiyaye haɗurra da na asibiti. In an shirya, a rubuta sunana a cikin masu shiga, wannan karon kuwa ba za ku gan ni a gaba ba sai an kusa ƙarshe.