MALAMI MA YANA BUKATAR WASA WUƘARSA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai, a Yelwa

 

Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takarda cewa ni zan yi magana a kan hanyoyin ƙara wa malamai sani, sai da gabana ya faɗi, domin kuwa a cikin wannan zaure akwai wanda ya taɓa tsala mini bulala shida saboda lissafi, ga shi can yana murmushi. Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ni ba malami ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, aikina ɗaukar fayil da ajiye fayil. To amma a cikin fayil ɗin ne na ga abin da zan faɗa.

Na yi shekara uku a teburin da takardun kuɗin bita suke bi. Abin da na lura shi ne sunaye kaɗan ne suke ta maimaituwa. Malami ya tafi kwana uku, a zauna a otal, a raba jaka da alawus, ya dawo, ba mai tambayarsa abin da ya koyo. Shi kuwa wanda ke koyarwa a ƙauyen bakin ruwa can Ngaski ko Shanga, wanda sai ya shiga jirgi kafin ya ga kwalta, sai an watse yake jin labari. Da hannuna na tura irin waɗannan takardu gaba, saboda haka ba wanke kaina na zo yi ba.

Ba kuma cewa nake yi hukumomi ba su yi komai ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tun 1976 take aiki, kuma malamai da yawa ta hanyarta suka sami takardar NCE ba tare da sun bar aji ba. Ƙungiyar malaman kimiyya, STAN, tana nan tun 1957. Duk wanda ya sami dama ya je. Sai dai Kaduna da nisa, kuma aji ba ya jira.

Akwai wata al'ada ta malaman ƙasar Japan da na ga ta dace da aljihunmu. Malamai huɗu ko biyar sukan zauna su tsara darasi guda tare. Ɗaya ya shiga aji ya koyar, sauran su zauna a baya, ba don su kama shi da laifi ba, sai don su lura da inda yara suka fara ɓacewa. Bayan an tashi su sake zama, su gyara, wani ya je ya gwada a wani ajin. Alli da shayi ne kawai kuɗinta. Abin da zai ba mu wahala shi ne kunya da girman kai, domin malamin da ya shekara 25 yana koyarwa ba zai so yaron da ya gama kwaleji bara ya zauna masa a baya da biro ba. Shawarata ita ce manya su fara buɗe nasu ajin. In babba ya yarda aka kalle shi, ƙarami ba shi da ta cewa.

Yanzu bari in tuna wa 'yan ajinmu wani abu. Wata rana cikin Janairu, ana tsananin hunturu, malaminmu na Labarin Ƙasa, Allah ya ji ƙansa, ya kwashe mu a ƙasa har bakin kogi. Ya ce, rabon da a yi ruwan sama tun watan Oktoba, to me ya sa kogi yake cike? Muka yi tsuru-tsuru. Sai ya ce ruwan da muke gani a tsaunukan ƙasar Gini ya sauka tun damina, ya zo ya bazu a fadamun ƙasar Mali kafin Tambutu, ya yi watanni yana jan ciki, lakarsa ta kwanta, shi ya sa yake iso mana garau tsakanin Disamba da Fabrairu. Shi ne baƙin ruwa. Farin ruwa kuwa shi ne namu na damina, mai laka. Abin da ban manta ba shi ne da ya ce shi ma a bakin wani tsohon Basarke ya fara jin bambancin, kafin ya je ya bincika littafi. Mai digiri ya zauna cikin jirgin masunci yana ɗaukar karatu. Na rubuta jarrabawa da yawa bayan nan, na manta mafi yawansu, amma wannan darasi yana nan.

To wannan kogi bai ƙafe ba. Malamin ilimin halittu yana zana kifi a allo alhali ga giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga ƙurungu a kasuwar Yelwa, ga kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a Sabuwar Bussa, inda masana ke zaune. Malamin lissafi kuwa, ribar buhun albasa bayan an fitar da kuɗin jirgi da na dako ta ishe shi misali har ƙarshen zango.

Wanda ya fi damuna shi ne malamin Tarihi, domin nasa littafin mutuwa yake yi. An gama madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu, ciki har da Gungawan da ke zaune a tsibirai. Yaron da yake da shekara goma a lokacin yanzu yana dab da saba'in. Su waye za su zauna da su, su rubuta sunayen gungun da ruwa ya cinye da inda aka kai kowa? Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da tarihin Yauri ya fara bincikensa kafin ya rubuta littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Malamin Tarihi da na Hausa da na Turanci za su iya haɗa kai: ɗaya ya tsara tambayoyi, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya fassara. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya.

Na ji an ce kuɗin da muka tara bana za a yi fenti ne da gyaran ƙofar makaranta. Ba na ƙin fenti, amma damina biyu ke wanke shi. Ina roƙon a ware kashi ɗaya cikin uku a ba malamai: zaman nazarin darasi sau biyu kowane zango, tare da gayyato malaman Ngaski da Shanga a biya musu kuɗin mota, sai tafiya guda zuwa Sabuwar Bussa. Kada a ba kowa alawus a hannu, na ga inda wannan hanya take kaiwa. Man motar tafiyar farko kuwa ni na ɗauka. Ma'aji yana nan, ya rubuta tun ban sauka ba.