Baka Biyu da Jerin Aiki a Lissafin Aljabara

Idan aka ce "tsofaffin maza da mata", mai sauraro yana da ikon tambaya: shin tsufan ya shafi matan, ko kuwa a kan maza ya tsaya? Mai magana yakan warware wannan da ɗan tsayawa ko sauya murya. Lissafi ba shi da murya, saboda haka baka biyu ne ke yi masa wannan aiki.

Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi bayani, babu alama ko ɗaya. Ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a kafaɗar wata, kamar a x³, Descartes ne ya yaɗa ta a 1637. Da alamomi suka maye gurbin jimloli, sai ya zama tilas masana su daidaita a kan abin da za a fara yi: abin da ke cikin baka, sannan lambar kafaɗa, sannan ninkawa da rabawa, daga ƙarshe tarawa da ɗebewa. Wannan yarjejeniya ce, amma tana da dalili, domin lambar kafaɗa maimaita ninkawa ce, kamar yadda ninkawa take maimaita tarawa.

Lambar kafaɗa ba ta da iko sai a kan abin da take manne da shi. Idan x ya zama 5, to 2x² zai ba da 50, amma (2x)² zai ba da 100. Haka kuma −3² daidai yake da −9, alhali (−3)² shi ne 9. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, kuma ba a ga laifinsu sosai ba, tun da manhajar Excel kanta 9 take bayarwa in an rubuta mata =-3^2.

Ma'aikacin baitulmali shi ya fi kowa bukatar lura. Kuɗi naira 1,000 da ke ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, bayan shekara biyu sun zama 1,000 × (1 + 0.1)², wato 1,210. In akawu ya manta da baka biyun, abin da zai fito shi ne 1,000.01, kuma na'ura ba za ta yi masa gardama ba. Naira 210 sun ɓace ke nan a kan takarda, saura kwabo ɗaya tak.