Saurin Rushewar Tayo'asitamaid a Cikin Asid



Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje irin na dā ba zai mance da warin ruɓaɓɓen ƙwai ba. Warin nan na wata iska ce mai guba, haidirojin salfaid, wadda a ke busawa cikin ruwa don a gane ko akwai darma ko jan ƙarfe a narke cikinsa. In akwai, sai baƙin gari ya kwanta a gindin kwalba. A shekarar 1949 masana a Amurka suka kawo shawarar a bar busa iskar, a riƙa zuba wani farin gari mai ɗauke da farar wuta, watau tayo'asitamaid. Shi kuwa in ya haɗu da ruwa da asid sai ya rushe, ya saki iskar nan kaɗan kaɗan a cikin ruwan.

To, amma da wane sauri? Nan fa maganar ta ke. A 1956 Swift da Butler, a Kalifoniya, suka auna. Suka tarar saurin yana bin yawan garin da kuma ƙarfin asid: a ninka ɗayansu, saurin ya ninku. A zafin digiri 90, cikin asid mai ƙarfin kashi ɗaya bisa goma na mol a kowace lita, rabin garin kan rushe cikin kamar minti 33. A rage asid ɗin sau goma, sai a jira awa biyar da rabi.

Zafi ya fi ban mamaki. Kowane ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin fiye da sau biyu. Saboda haka abin da ya ɗauki rabin awa a bisa wuta, in aka bar shi a kan tebur, a zafin digiri 30, sai ya kai kwana huɗu. Ɗalibin da ya yi ƙyuyar ɗumama kwalbarsa zai ga ruwa garau, ya rubuta cewa babu darma, alhali kuwa tana nan. In ruwan rijiyar wani ƙauye ne ya ke gwadawa, kun ga wannan kuskure ba na takardar jarrabawa ba ne kurum.

Sa'an nan kada raguwar wari ta ruɗe ku. Garin kansa yana lalata hanta, har wa yau an ga ya haddasa ciwon daji ga dabbobin gwaji, don haka ba a taɓa shi da hannu tsirara.